Gwangwanin Wasiƙun Inna

Akwai wani mai rubuta allunan shaguna da kowa a layinsu ke kira Auta, duk da furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Mahaifiyarsa ce ta laƙaba masa sunan, ya kuma bi shi har wurin sana'a.

Hannunsa kuwa sai dai a ce ma sha Allah. Ka nuna masa rubutu sau ɗaya, ko na jikin kwalbar magani ne, zai zana maka irinsa har ka rasa wanne ne na asali. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Su biyu Inna ta haifa. Babban, wanda Auta ke ce wa Yaya, shekararsa goma sha ɗaya a ƙasar waje yana aiki a jirgin ruwa na kamun kifi. Irin jiragen nan ne da in suka shiga teku sai su yi wata takwas, wata tara, ba waya ba saƙo.

Da guminsa na farko Yaya ya sayi gidan da suke ciki: ɗaki uku, tsakar gida mai famfo ɗaya, da shago a gaba inda Auta ke aiki. Takardun gidan da sunan Yaya suke. Harajin gidan ma shi ke biya daga can ta banki, don haka Auta bai san ko ina ƙofar ofishin haraji ta kalla ba.

Wata Litinin da safe ya fito buɗe shago, sai ya tarar da takarda mai jan layi an manna a ƙofa. Ya karanta sau uku, yana fatan ko ma'anar za ta canza.

Gargaɗi na ƙarshe, in ji takardar. Shekara biyu ba a biya harajin gidan ba. An ba mai gida kwana goma ya bayyana. In bai zo ba, za a garƙame gidan da kwaɗo, a fara shirin yin gwanjonsa.

Ya sa farce ya ɓamɓare takardar da sauri har fentin ƙofar ya biyo ta, ya ninke ya cusa a aljihu.

"Me aka manna mana kuma?" Inna ce ta leƙo daga soro, tana dafe da bango.

"Talla ne, Inna. Masu maganin sauro."

Inna na fama da hawan jini, wannan gaskiya ne. Amma ƙarya ƙarya ce, kuma wannan ce ta farko.

Ranar bai taɓa buroshi ba. Ya kira lambar Yaya ya fi sau ashirin, a kashe. Ya tura saƙo, bai shiga ba. Ya kira kamfanin jirgin, wata murya da aka naɗa ta yi ta zuba masa wani yare da bai tsinci ko kalma ɗaya ba, har katinsa ya ƙare.

Da ƙyar ya samu wani abokin Yaya da ke can.

"Jirginsu bai dawo ba," in ji mutumin. "Sai nan da wata biyu, in an yi sa'a. Mu ma nan ba mai jin ɗuriyarsu."

Auta ya koma ya saurari saƙon murya na ƙarshe da Yaya ya turo wata bakwai da suka wuce. Iska na kaɗawa a ciki, muryar na yankewa: "Auta, akwai saƙo yana tafe, ka sa ido." A lokacin ya ɗauka kuɗi ne. Ya yi ta duba waya na 'yan makonni, da ya ji shiru ya manta.

Washegari ya sa rigarsa da ba ta da ɗigon fenti, ya nufi ofishin haraji. Ya zauna a benci tun safe har rana ta take, kafin a kira lambarsa.

Jami'ar da ya samu dattijuwa ce mai tabarau da igiya a wuya. Ba ta da fara'a, ba ta kuma da wulaƙanci. Ta buga lambar gidan a kwamfuta, ta ɗago.

"Kai ne mai gidan?"

"Ƙaninsa ne, ranki ya daɗe. Yana teku. Wallahi ba yadda za a yi a same shi."

Ta ce asusun da ake cire harajin daga ciki an rufe shi tuntuni. Hanya biyu ce: ko a biya duka a lokaci ɗaya, ko a sa hannu a yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan, a dakatar da kwaɗon. Da ta juyo masa fuskar kwamfutar ya ga jimillar, ya san ko ya sayar da kayan shagonsa har da tsani ba zai haɗa rabi ba.

"To ni zan sa hannu a yarjejeniyar."

"Ba ka da hurumi. Sai mai gida, ko wanda ya ba takardar wakilci mai hatimin lauya."

"Amma ranki ya daɗe, haka kawai sai mutum ya wayi gari da gargaɗin ƙarshe? Ina na farko?"

Ta cire tabarau ta dube shi. "Uku muka aika. Duk an karɓa."

Ta jawo fayil ta nuna masa rasit uku. A ƙasan kowanne akwai dangwalen babban yatsa. Auta ya san yatsan nan, har da tabon wuƙar da ya ratsa tsakiyarsa.

Ko takalmi bai tsaya cirewa da kyau ba da ya isa gida.

"Inna, akwai wasiƙun da aka kawo kika karɓa?"

"Na yayanka? Suna nan lafiya lau."

Ta buɗe durowa, ta ɗaga zannuwa, ta ciro wani tsohon gwangwanin biskit. Ta buɗe shi da alfahari. Ambulan sun kai goma sha biyar, a jere, an ɗaure da zare, ko ɗaya ba a yage ba.

A cikin murfin akwai guntun kwali da aka manna, da sunan Yaya da manyan baƙaƙe. Inna ba ta yi karatun boko ba. Ranar da Yaya zai fara tafiya, shi da kansa ya rubuta sunan ya manna mata, ya ce duk takardar da ta ga mai wannan zanen ta ajiye masa. Tun ranar, in ma'aikacin gidan waya ya zo, sai ta kara ambulan da kwalin. In zanen ya yi daidai, ta dangwala yatsa, ta jefa a gwangwani. In Yaya ya zo hutu ya buɗe kayansa.

Shekara uku ke nan bai zo hutu ba.

Auta ya kai hannu, Inna ta rufe murfin har ta kusa datse masa yatsa.

"Kul! Amana ce. Ce min ya yi in ajiye, bai ce in ba ka ba."

"Inna, gidan nan za a ƙwace!"

Maganar ta fita kafin ya tare ta. Dole ya ciro takardar mai jan layi ya yi mata bayani. Ta zauna a bakin gado a hankali, gwangwanin a cinyarta.

"Wato maganin sauron ke nan," ta ce.

Ya sunkuyar da kai. Ta dafa murfin gwangwanin.

"In an buɗe waɗannan, za a fasa rufe gidan?"

"A'a. Lokacinsu ya wuce."

"To bar masa kayansa."

Ya fita ransa a ɓace. Ni dai ban ga laifinsa ba a nan, ban kuma iya ganin nata ba. Abin da aka ce ta yi, shi ta yi, shekara goma sha ɗaya ba fashi.

Kwana uku suka tafi a yawon banza. Ya je wurin lauya, lauya ya ce ba zai buga hatimi a kan mutumin da bai gani ba. Ya nemi rance wurin mutum huɗu, ya samo addu'a huɗu. Abinci ya daina wuce masa. In ya ji mota ta tsaya a ƙofar shago sai gabansa ya faɗi. Har kuskure ya yi a allon wani mai aski, abin da bai taɓa yi ba, sai da ya goge ya sake.

Inna kuwa ta daina zama a tsakar gida. Ya leƙa ɗakinta ya ga ta fara ninke zannuwanta tana jerawa a akwati, ba ta ce da kowa komai ba. Wannan ya fi komai tayar masa da hankali.

Ana saura kwana huɗu sai ga Angama.

Angama ɗan kamasho ne da ke shawagi a bakin ofisoshi da jaka a hammata. Sunan ya samo asali ne daga bakinsa: duk matsalar da ka kawo masa, kafin ka rufe baki ya ce, "An gama!"

"Na ji labari," ya ce, yana jan kujera ba a ba shi ba. "Takardar wakilci ce kawai? An gama! Hatimin lauya ina da shi a jakar nan. Abin da ba ni da shi sa hannun yayanka. Kai kuma, Auta, duk garin nan wa ya kai ka hannu?"

"Wannan ai jabu ne."

"Jabun me? Gidan wa za ka sata? Gidan yayanka za ka ceto masa! Da yana nan, ba zai sa hannun ba?"

"Zai sa."

"To ka ga! Aron hannunsa kawai za ka yi. Ka sa kwanan wata na baya, kamar wata bakwai, kafin ya shiga teku. Wa zai bincika? Ko so kake ka ga tsohuwa a titi da akwati?"

Kalmar akwati ce ta karya shi.

Da la'asar ya janyo ƙofar shago rabi, ya ɗauko kwafin takardar cinikin gidan. Ga sa hannun Yaya a ƙasa: babban harafi a farko, sannan wutsiya doguwa da ta lanƙwaso ta ƙasa kamar ƙugiya.

Sau huɗu kawai ya gwada. Na biyar ɗin, ko Yaya da kansa zai rantse shi ya yi.

Angama ya kawo takardar da aka buga, Auta ya zana sa hannun a inda aka bar fili. Suka yi da shi gobe da hantsi zai zo ya buga hatimi su wuce ofis tare. Auta ya bar takardar a kan tebur, ya danne da gwangwanin fenti.

Da safe yana wanke buroshi, Inna ta shigo shagon da kofin shayi, don ta lura kwana biyu ba ya karyawa. Ta ajiye kofin a kan tebur, sai ta tsaya cak.

Karatu ne ba ta iya ba, amma ƙugiyar nan ta san ta. Ita ce a bayan kowane hoto da Yaya ya taɓa aiko mata.

Ta janye takardar a hankali. Fuskarta ta washe irin yadda Auta ya daɗe bai gani ba.

"Ya rubuto? Auta, yayanka ya rubuto? Alhamdulillahi! Yana lafiya? Yaushe ta iso ba ka tashe ni ba?"

Ta kai takardar ƙirjinta ta rungume.

Jama'a, a nan ne Auta ya ji duniya ta yi masa ƙunci. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da wucewa lafiya. Ya ce "e", ta yi kwanan farin ciki, gida ya tsira. Ya buɗe baki, ya kasa.

"Ba shi ba ne, Inna. Ni na rubuta."

Ta dube shi. Sannan ta ɗago takardar ta sake duba ƙugiyar, ta ajiye a kan tebur kamar ta taɓa abu mai zafi.

"Ni na hana ka buɗe masa wasiƙa," ta ce a hankali, "kai kuma ka je ka ɗauko hannunsa gaba ɗaya."

Kunya ta rufe shi. Ya ɗauki takardar ya yayyaga, ya jefa a bokitin ruwan buroshi.

Da Angama ya iso ya ga guntayen takarda suna yawo a ruwa, ya riƙe baki. "Kai dai ba ka son kanka da arziki. Sai ka nemi mai ɗaukar muku kaya." Ya saɓi jakarsa ya yi gaba.

Inna ta shiga ciki, ta fito da mayafi, gwangwanin a hannu.

"Tashi mu je. Ni na karɓi takardun nan, ni zan je in faɗa musu da bakina. In rufewa za su yi, su rufe a kan gaskiya."

Suka shiga mota. Auta na ta lissafin inda zai kai ta in an sa kwaɗon, bai samo wuri ko ɗaya ba.

Da layi ya zo kansu, Inna ta ɗora gwangwanin a kan teburin jami'ar nan, ta buɗe.

"'Yata, ga takardunku nan. Ba raini ba ne ya sa ba a amsa ba. Ni ce ban san abin da ke ciki ba, mai su kuma yana kan ruwa."

Jami'ar ta dubi kwalin da ke murfin, ta dubi tsohuwar. Ta ce, "Zauna, Mama," ta sa aka kawo kujera.

Sannan ta juya ga Auta. "Ka samo takardar wakilcin?"

"Ban samo ba, ranki ya daɗe. Na kusa kawo miki ta ƙarya, Allah ya tsare. Ba ni da komai sai abin da kika gani."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Gara da ba ka kawo ba. Duk wadda aka kawo sai mun kira ofishin lauyan da ke jikin hatimin. Wanda muka kama, daga nan sai wurin 'yan sanda." Ta numfasa. "Amma gaskiya ba ta canza doka. Ba ni da ikon ɗaga ranar. Abin da zan iya, in rubuta wa na sama da ni bayani, in haɗa da ambulan ɗinmu uku a rufe a matsayin shaida. Ban yi muku alkawari ba."

Ta kwance zaren, ta fara ware ambulan ɗaya bayan ɗaya tana neman nasu. Inna na bin hannunta da ido, kada a yage ko ɗaya.

A ta tara ta tsaya. Wata doguwa ce mai ruwan ƙasa, da kan sarki na ƙasar waje. Ta juya ta, ta sake juyawa.

"Kai, mene ne cikakken sunanka?"

Ya faɗa mata.

"To wannan ai taka ce. Sunan yayanka da ke sama da manyan baƙaƙe, na mai aikowa ne. Ga naka nan a tsakiya."

Inna ta kara ambulan ɗin da kwalin murfi, ta ga zanen ya yi daidai, ta dubi ɗanta cikin ruɗewa. Auta ya rubuta sunan mai aski, na mai shayi, na mai gyaran waya, sunan rabin unguwa yana rataye da hannunsa. Bai taɓa zama ya nuna wa mahaifiyarsa yadda nasa sunan yake ba.

"Tawa ce, Inna. In buɗe?"

"In taka ce, buɗe."

Takarda biyu ce a ciki. Ta farko takardar wakilci ce, da hatimin lauya da shaidu biyu, ta ba Auta ikon tsaya wa Yaya a duk abin da ya shafi gidan. Ta biyu gajeriyar wasiƙa ce da aka buga da inji. Yaya ya ce ya daɗe da canza banki, wataƙila harajin gida ya tsaya, Auta ya je ofis ya duba. A ƙasa ya ƙara da cewa igiyar injin jan raga ta kama masa hannun dama, ya rasa yatsu biyu. Ya warke, har zai koma aiki, amma yanzu da hagu yake rubutu. Kada a tayar wa Inna hankali.

Auta ya dubi sa hannun. Wani karkataccen zane ne kamar na mai koyo, babu ƙugiya ko alamarta. Ya dubi kwanan watan. Wata bakwai da suka wuce, daidai watan da ya sa a takardar da ya yaga da safe.

Da ya kawo waccan, da ya gabatar da kyakkyawan sa hannun dama na mutumin da a watan ya riga ya koma rubutu da hagu.

Jami'ar ta ɗauki takardar ta shiga ciki. Minti arba'in suka yi suna jira, Auta na kallon agogon bango, Inna na jan carbi. Da ta fito, ta ajiye fom a gabansa, ta miƙa masa biro.

"Lauyan ya tabbatar. Sa hannu a nan, a dakatar da kwaɗon. Naka hannun fa."

Ya sa.

A bencin waje Inna ta ce ya ba ta takardar yayansa ta gani. Ta bi ta da yatsa har ƙasa, ta tsaya a kan karkataccen zanen. Ta daɗe a wurin.

"Wannan ba hannunsa ba ne."

Auta ya tuna layin ƙarshe na wasiƙar. Ya kuma tuna maganin sauro. Ya durƙusa a gabanta ya riƙe gwiwarta.

"Hannunsa ne, Inna. Na hagu. Ya ji ciwo a na daman, ya rasa yatsu biyu. Amma ya warke, shi da kansa ya faɗa."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Ta shafa zanen da babban yatsanta mai tabo, ta ce, "Da ciwon nasa ya zauna ya tuna da mu."

Can ta jawo murfin gwangwanin ta miƙa masa, ta nuna fili a ƙasan tsohon kwalin.

"In mun je gida ka zana min wannan sabon hannun nasa in san shi. A'a, bari. Kada ka ƙara zana hannun kowa. Naka sunan za ka rubuta min a nan, da manyan baƙaƙe."

Darasi: Tsoro shi ke fara kawo shawarar ƙarya, ya kuma yi mata ado da sunan taimako. Komai matsin da kake ciki, kada ka sa hannu da sunan wani, ko da ɗan'uwanka ne, ko da kana ganin alheri za ka yi masa. Ka je wurin hukuma da gaskiyarka ka faɗi abin da ke akwai. Masu 'yan'uwa a waje, ku nemi takardar wakilci tun kafin buƙata ta taso, ku kuma riƙa zama da iyayenku kuna duba takardun da suke karɓa. Ku tura wannan labari ga duk wanda ke riƙe da gida ko dukiyar wani da ke nesa, wataƙila akwai irin wannan gwangwanin a durowar gidansu.